Parkrun a idon mai aikin bishiya: bitar gudun Asabar na kilomita 5 a Birtaniya

Parkrun gudu ne na kilomita 5 da ake yi kowace safiyar Asabar a lambunan shaƙatawa da gandayen daji, ana ɗaukar wa kowa lokacinsa a tura masa sakamako a ranar, kuma ba a karɓar ko sisi daga hannun mai shiga. Sana'ata gyaran bishiyoyi da sare su da injin yankan itace, a ƙarƙashin wani kamfanin kwangila da ke kula da lambunan wata ƙaramar hukuma a Ingila, saboda haka hanyoyin da mutane ke gudu a kansu ranar Asabar su ne wuraren aikina a sauran ranakun mako. Ra'ayina a kan wannan hidima shi ne, ban san wani tsari na motsa jiki a ƙasar nan da ya kai ta araha da cika alkawari ba, sai dai alkawarin nata yana tsaye ne a kan filin da ba nata ba da kuma bishiyoyin da ba ita ke kula da su ba, kuma wanda bai fahimci haka ba zai riƙa jin haushin abin da bai kamata ya ji haushinsa ba.

An fara shi ne ranar 2 ga Oktoba, 2004, a Bushy Park da ke kudu maso yammacin Landan, lokacin da Paul Sinton-Hewitt, wanda rauni ya hana shi gudu a wancan lokaci, ya tara mutum 13 ya ɗaukar musu lokaci da agogon hannu. Daga nan abin ya bazu cikin Birtaniya, ya tsallaka Denmak a 2009, ya isa Ostireliya da Afirka ta Kudu a 2011, inda Bruce Fordyce, wanda ya lashe dogon tseren Comrades sau tara, ya jagoranci kafa shi a Johannesburg. Yau ana yin sa a ƙasashe fiye da 20, kuma a Afirka ya fi kafuwa a kudancin nahiyar. A Ingila da Wales ana tashi da ƙarfe 9 na safe, a Sikotland da Ireland ta Arewa kuma da ƙarfe 9:30. Akwai na yara 'yan shekara 4 zuwa 14 ranar Lahadi, mai tsawon kilomita 2.

Shigarsa ba ta da wahala. Mutum zai yi rajista sau ɗaya tak a shafinsu na intanet, a ba shi lambar shaida mai zanen layuka irin wadda ake gani a jikin kayan kanti, kuma wannan lamba ɗaya za ta yi masa aiki a ko'ina cikin duniya har iya rayuwarsa. Ba ya bukatar ya sanar da kowa cewa zai zo. Idan ya ƙarasa gudun, za a miƙa masa ɗan katin roba mai ɗauke da lambar matsayinsa, sai ya kai wa mai na'urar karantawa katin tare da lambar shaidarsa, a takarda ko a fuskar waya, a haɗa su biyun, ya mayar da katin. Kafin azahar, a mafi yawan lokuta, saƙo ya shigo masa da lokacinsa da matsayinsa da kuma wani maki da ke auna gudunsa gwargwadon shekarunsa da jinsinsa, wanda ke ba dattijo mai shekara 65 damar ya kwatanta kansa da saurayi ba tare da an zalunci ɗayansu ba. Ƙa'idar da ba sa sassautawa a kanta ita ce, wanda bai zo da lambarsa ba ba shi da lokaci a rubuce, komai roƙonsa, kuma ina ganin daidai ne, domin mutanen da ke haɗa sakamakon ba albashi suke karɓa ba, bai kamata su ɓata yininsu wajen neman sunan wanda ya yi mantuwa ba.

Game da ingancin lokacin da ake bayarwa, ya kamata mai karatu ya san abin da zai samu. 'Yan sa-kai ne ke danna manhaja a waya duk lokacin da wani ya tsallake layin ƙarshe, kuma agogo yana tashi ga kowa a lokaci ɗaya, saboda haka wanda ya tsaya a bayan taron mutum ɗari biyar ya riga ya yi asarar daƙiƙoƙi da dama kafin ya taka layin farko. Idan wani ya tsallake layi sannan ya zame bai karɓi kati ba, ko ya wuce na gabansa a cikin layin karɓar kati, lissafin na bayansa yana iya goce wa da mutum ɗaya har sai an gyara. Wannan ba tsarin manyan tsere ba ne inda kowa ke ɗaure da na'urarsa. Amma ga wanda burinsa ya ga ko ya fi makon jiya, a hanya ɗaya da ya sani, ma'aunin ya wadatar.

Babban abin da ya sa na ba shi maki mai yawa shi ne rashin fashi. Yana nan kamar ranar kasuwar ƙauye, wadda ba a aika wa kowa goron gayyata amma kowa ya san ranarta da wurinta, kuma wanda bai samu zuwa wannan makon ba ya san zai tarar da ita mako mai zuwa. In ban da lokacin annobar korona, da aka dakatar da shi daga Maris 2020 har zuwa 24 ga Yuli, 2021 a Ingila, ba a taɓa rufe shi gaba ɗaya na dogon lokaci ba. A kowane taro akwai ɗan sa-kai da aikinsa shi ne ya taka a bayan kowa, ya zama na ƙarshe a sakamako, domin kada wani baƙo ya koma gida da sunan shi ne kurar baya. Tafiya da ƙafa halas ce daga farko har ƙarshe, ana tura keken jarirai inda hanya ta ba da dama, kuma ba a tsara wa kowa irin tufafin da zai sa ba, don haka 'yar'uwar da ke son ta zo da hijabinta da doguwar rigarta ba wanda zai ɗaga mata ido. Matsakaicin lokacin masu ƙarasawa ya yi ta ƙaruwa daga shekarun farko har ya doshi rabin sa'a, kuma masu tsarin suna ɗaukar wannan a matsayin nasara, tunda yana nuna cewa waɗanda ba 'yan tsere ba ne suna shigowa. Tun 2018 ƙungiyar likitocin iyali ta Birtaniya ta ƙulla haɗin gwiwa da su, har asibitocin unguwa suna ba marasa lafiya shawarar zuwa. A watan azumi mai niyya yana iya ajiye gudu ya karɓi aikin nuna hanya ko karanta kati, a rubuta masa a kundin sa-kai, bai yanke hulɗa da jama'ar ba.

To amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙungiyar agaji ce mai rajista ke riƙe da tsarin, kamfanoni masu ɗaukar nauyi da gudummawar jama'a ne ke biyan kuɗin inshora da kwamfutoci da ma'aikatan ofis, rigunan tunawa kuma, ja ga wanda ya cika 50, baƙa ga 100, koriya ga 250, shuɗiya ga 500, waɗanda a da kyauta ake ba da su, yanzu saya ake yi. Filin kuwa na ƙaramar hukuma ne, ko na hukumar gandun daji, ko na wata ƙungiya mai riƙe da ƙasa, kuma izini kawai suke bayarwa. A 2016 majalisar yankin Stoke Gifford da ke kusa da Bristol ta yanke shawarar sai an riƙa biyan kuɗi kafin a yi gudun Little Stoke, bisa hujjar cewa ƙafafun ɗaruruwan mutane suna cinye hanyar. Masu tsarin suka ƙi, domin ƙa'idarsu ita ce kyauta har abada, gudun ya mutu a wurin, kuma hayaniyar ta kai gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a a 2017 kan hana ƙananan hukumomi irin wannan caji. Ina goyon bayan a bar shi kyauta, amma a matsayina na wanda ke ganin takardun aiki, na san cewa hujjar majalisar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin duk hanyar da mutane da yawa ke bi a ƙarƙashin bishiyoyi tana hawa sahun farko a jerin wuraren da dole a riƙa dubawa, kuma dubawa da gyara kuɗi ne daga aljihun mai fili.

Kafin a tashi gudu, akwai ɗan sa-kai da ke zagaya hanyar da sassafe ya duba ko akwai ƙanƙara ko ambaliya ko reshen da ya faɗo, ya kai rahoto ga shugaban gudun ranar, wanda shi ke da ikon sokewa. Wannan tsari yana da kyau, kuma na sha ganin yana aiki. Iyakarsa ita ce, mai dubawa yana kallon ƙasa ne, alhali haɗarin da ya fi tsanani bayan iska yana sama: reshen da ya karye bai faɗo ba, yana rataye a cikin wasu rassan, ko bishiyar da saiwarta ta motsa har ƙasar gindinta ta tsage amma tana nan tsaye kamar ba abin da ya same ta. Idon da bai saba ba ba zai gane su ba, musamman a duhun safiyar hunturu. Shi ya sa idan mai fili ya rufe lambu kwana ɗaya ko biyu bayan guguwa ta wuce, alhali rana ta fito kuma iska ta kwanta, ba tsoro ne na banza ba, jira ake yi masu duba bishiya su zagaya.

Ranar Juma'a 18 ga Fabrairu, 2022, guguwar Eunice ta ratsa kudancin Ingila da Wales, aka auna iska mai gudun mil 122 a sa'a, wato kusan kilomita 196, a tsibirin Wight, kuma washegari Asabar aka soke gudu a wurare masu yawa. Haka aka yi ranar Asabar 7 ga Disamba, 2024, lokacin guguwar Darragh, wadda ta sa hukumar hasashen yanayi ta fitar da jan gargaɗi a gabar Wales da kudu maso yammacin Ingila. A irin waɗannan makonni nakan ji masu gudu, cikin kyakkyawar niyya, suna cewa ai bishiya ɗaya ce ta tare hanya, wane yana da inji a gida, me zai hana ya zo ya yanke ta a wuce wurin. Amsar ita ce, bishiyar da iska ta kayar ta fi wadda ke tsaye haɗari nesa ba kusa ba. Gangar jikinta tana kwance a tanƙware, gefe ɗaya a matse, ɗaya gefen a miƙe yana ɗauke da ƙarfi mai yawa, kuma wanda ya sa sarƙa a gefen da bai dace ba, ko dai itacen ya matse ƙarfen injin ya kama shi, ko ya tsage ya harbo da ƙarfin da zai karya ƙafa. Idan kuma bishiyar ta tumɓuke da saiwarta, tulin ƙasa da saiwar da ke tsaye a gindinta, wanda nauyinsa kan kai tan da yawa, yana iya komawa raminsa nan take da zarar an raba shi da gangar, ya danne duk wanda ke tsaye a bayansa. Saboda haka a tsarin takardun shaidar sana'ar a Birtaniya, waɗanda hukumar City & Guilds ke bayarwa ta reshenta na NPTC, akwai matakin kula da inji da yanka gungume, akwai na kayar da ƙananan bishiyoyi masu kaurin da bai wuce milimita 380 ba, sannan aikin bishiyar da iska ta kayar yana da tasa jarrabawar daban, wadda ba a shiga sai an wuce na farkon. Ƙa'idar aiki kuma ita ce, idan ana kayar da bishiya, kada kowa ya kusanto ƙasa da ninki biyu na tsawonta, kuma mai inji ba ya aiki shi kaɗai. Babu yadda za a cika waɗannan sharuɗɗa mutane ɗari uku suna tsaye suna jiran a busa usur. Shugabannin gudun da na sani ba sa yarda ɗan sa-kai ya taɓa irin wannan aiki, suna kai rahoto ga mai fili su soke ko su karkata hanya, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka ƙara wa tsarin daraja a idona.

Ba guguwa kaɗai ba ce. Cutar da ke kashe bishiyar ash, wadda wani naman gwari ke haddasawa, an tabbatar da shigarta Birtaniya a 2012, kuma ana hasashen za ta kashe mafi yawan irin wannan bishiya a ƙasar. Itacen da ta kama yakan yi gautsi, rassansa su riƙa karyewa ba gargaɗi, har ya kai ba a yarda ma'aikaci ya hau shi da igiya, sai dai a kawo motar ɗaga mutum sama ko injin da ke kama bishiya ya yanke ta daga nesa. Wannan ya sa hanyoyin gudu da yawa suka sauya kamanni a 'yan shekarun nan, inda a da akwai inuwa yanzu sai kututture a jere, kuma masu gudu sukan ɗauka ɓarna aka yi. Akwai kuma faɗuwar reshe a tsakiyar bazara, inda tsohuwar bishiya mai cikakkiyar lafiya kan saki babban reshe a rana mai zafi da babu ko iska, abin da ya sa ba na son ganin an kafa teburin karanta kati a ƙarƙashin tsohuwar bishiya mai dogayen rassa a kwance, duk daɗin inuwarta. Dokar kare namun daji ta 1981 kuma ta haramta lalata sheƙar tsuntsu mai amfani, don haka daga Maris zuwa Agusta aikin da ba na gaggawa ba yakan jira, manyan ayyuka su taru a kaka da hunturu, daidai lokacin da hanyoyi suka fi laushi kuma tayoyin motocin aiki suka fi ɓata su.

Idan kira ya zo da yammacin Juma'a cewa reshe ya tare hanya, kuma mai fili yana son a buɗe kafin ƙarfe 9, zaɓin inji yana da tasiri a kan ko za a yi gudun. Injin fetur mai matsakaicin girma, irin Stihl MS 261 na Jamus ko Husqvarna 550 XP na Suwidin, dukkansu masu girman inji kusan sisi (cc) 50 da nauyin wajen kilo 5 kafin a ɗaura ƙarfe da sarƙa, shi ne dokin aikin sana'ar, ana gauraya masa fetur da man inji kashi 50 bisa 1, kuma muddin akwai mai a jarka zai yini yana yanka. Amma ƙararsa ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma lambunan gari kewaye suke da gidaje, ba wanda zai gode maka idan ka tayar da shi da ƙarfe 7 na safiyar Asabar. A nan ne injunan batir na waɗannan kamfanoni biyu suka sauya aikinmu, domin ba sa yin ƙara sai lokacin da sarƙa ke juyawa, ba hayaƙi, ba jan igiyar tayarwa a cikin sanyi, kuma tsakanin yanka da yanka mutum yana jin muryar abokin aikinsa da takun wanda ke tahowa da kare. Ga rassa da gungumen da bai yi kauri sosai ba sun wadatar, ga babbar bishiya kuwa har yanzu fetur ne, domin batir yana da iyakar abin da yake ɗauka kuma sanyi yana rage masa ƙarfi. Kuskuren da shirun injin batir ke jawowa shi ne a raina shi, alhali haƙoran sarƙarsa ɗaya ne da na fetur, kuma idan saman ƙarshen ƙarfen ya taɓa itace zai yi tsalle ya dawo wajen fuskar mai riƙe da shi kamar kowane inji, abin da birkin sarƙa aka yi don tarewa. Saboda haka kayan kariya ba sa raguwa: hular kwano mai ragar fuska da abin toshe kunne, takalma masu ƙarfe a baki, da wando mai dogayen zaruruwa a ciki waɗanda idan sarƙa ta taɓa su sukan zaro su cushe injin ya tsaya, wanda ajinsa na farko an gwada shi a kan sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa. Duk lokacin da na sa wannan wando nakan tuna masu tsaga katako a dazuzzukan kudancin Najeriya da Ghana, da ke riƙe da katon Stihl 070 mai girman inji fiye da sisi 100, da yawansu ba su da ko ɗaya daga cikin kayan nan.

Gudun da ake yi a gandayen Forestry England, hukumar da ke kula da dazuzzukan gwamnati a Ingila, su ne mafi daɗi a wurina, irin na Sherwood Pines da Delamere da Alice Holt, da na Whinlatter a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila wanda ya yi suna wajen hawan tudu. Ƙasar tana da taushi ga gwiwa, bishiyoyi suna tare iska, kuma taron bai kai na gari cunkoso ba. Sai dai mai zuwa ya sani cewa waɗannan dazuzzuka gonakin katako ne da ake girbewa, don haka wani lokaci za a karkata hanya na makonni saboda ana sara, kuma alamar da aka kafa cewa kada a wuce ba ado ba ce, tarin gungumen da aka jera a bakin hanya ma ba wurin zama ba ne ko wurin hawan yara, domin yana iya gangarowa. Agogon hannu mai aiki da tauraron ɗan'adam yakan rage nisa a ƙarƙashin rassa masu duhu, saboda haka wanda agogonsa ya nuna masa ƙasa da kilomita 5 kada ya yi saurin cewa an gajarta hanya. Saiwoyin da suka fito saman ƙasa sukan yi santsi idan an yi ruwa, takalmi mai haƙora a tafi ya fi dacewa daga Oktoba zuwa Maris. Sannan gudun kyauta ne amma ajiye mota a yawancin gandayen ba kyauta ba ne, kuma motar haya ba ta cika isa can da sassafe ba, abin da ke sa ɗalibi ko sabon zuwa da ba shi da mota ya fi samun sauƙi a lambun cikin gari.

Ga abokan sana'ata da masu aikin ƙarfi irin namu, waɗanda ke cewa wanda ya yini yana jan rassa zuwa bakin injin niƙa ba ya bukatar wani motsa jiki, ina da saɓanin ra'ayi. Aikin bishiya yana gina hannu da kafaɗa da baya, amma aiki ne na yi ka tsaya, ana yin sa a sunkuye cikin kaya masu nauyi da zafi, kuma girgizar inji tana da tata illar ga jijiyoyin yatsu, har dokar 2005 ta ƙayyade yawan girgizar da ma'aikaci zai ɗauka a yini. Abin da ba ya bayarwa shi ne rabin sa'a na bugun zuciya a jere ba tsayawa, kuma wannan ne gudun Asabar ke cikewa. Mutum mai ƙarfin ɗaga gungume yana iya samun kansa yana haki a kilomita na biyu, wata tsohuwa ta wuce shi tana yi masa sannu.

Abin da ya fi jawo wa tsarin suka a 'yan shekarun nan shi ne matakin Fabrairu 2024, lokacin da aka cire jerin bajintar gudu daga shafukansu, wato wanda ya fi kowa sauri a kowace hanya da a kowane rukunin shekaru. Hujjar masu tsarin ita ce irin waɗannan jeri suna tsorata sababbin shiga, suna sa su ɗauka tsere ne, masu suka kuma suka danganta matakin da taƙaddamar da ake yi kan rukunin maza da mata, abin da shugabannin suka musanta. A ganina an yi asara, domin tarihin wuri yana cikin abin da ke ɗaure mutane da shi, kuma sanin cewa ɗan tseren Birtaniya Andy Baddeley ya gama hanyar Bushy Park cikin minti 13 da daƙiƙa 48 a 2012 bai taɓa hana mai minti 45 fitowa ba. Duk da haka lokacin kowane mutum da tarihin gudunsa suna nan ba a taɓa su ba, kuma su ne abin da yawancin masu zuwa ke dubawa. Cunkoso ma matsala ce a wasu wurare: Bushy Park yakan tara fiye da mutum dubu a Asabar ta yau da kullum, kuma a taronsa na 1,000 a Agusta 2024 an haura mutum 6,000, adadin da ke da daɗin faɗa amma yake danne ƙasar gindin bishiyoyi idan mutane suka fantsama daga kan hanya, domin saiwar da ke ciyar da bishiya tana kusa da saman ƙasa kuma tana bukatar iska. Karnuka kuma an taƙaita su zuwa ɗaya ga kowane mutum, kuma tun 2022 sai a gajeriyar igiyar hannu, ba wadda ake ɗaurawa a ƙugu ba, wasu wuraren ma ba a yarda da su sam, wanda zai yi wa mai ƙyamar kusantar kare daɗi idan ya duba shafin wurin kafin ya zaɓa.

Wanda zai gwada, shawarata ita ce ya fara da lambun da ya fi kusa da gidansa, mai shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya isa da kamar minti goma sha biyar kafin lokaci domin ya ji bayanin da ake yi wa sababbin zuwa, ya tsaya wajen baya idan bai san saurinsa ba. Daga Oktoba zuwa Maris kuma, duk daren Juma'ar da aka yi iska, ya duba jerin wuraren da aka soke a shafin parkrun da kuma shafin Facebook na gudun unguwarsa, ya sake dubawa da safe kafin ya fita, domin sau da yawa sai mai zagayen hanya ya dawo da rahoto wajen ƙarfe 8 ake yanke hukunci. Idan na gandun daji aka soke, yawanci akwai wani a fili marar bishiyoyi ko a bakin teku cikin 'yan kilomitoci da bai rufe ba, kuma lambar shaidarsa ɗaya za ta yi masa aiki a can.